Daga Labo Zuwa Bakin Tabarma

Auta: Salamu alaikum masu saurare, daga unguwar Zango a nan Damagaram. Ƙurar hunturu ta sauko, ku yi haƙuri da muryata. Malam na nan da butar shayinsa, Yaya kuma yau ita za mu tsare da tambaya.

Malam: Ai ta jima tana zille mana. Duk unguwa likita ake ce mata.

Yaya: Ni ba likita ba ce, Malam, ban taɓa rubuta wa kowa magani ba. Likita mutum yake dubawa, ni kuma a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, abin da aka ɗebo daga jikin mutumin nake dubawa: jini, majina, fitsari, lokacin sanƙarau kuma ruwan ƙashin baya. Kimiyyar halittu na karanta a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, daga baya na karkata ga ƙwayoyin cuta.

Auta: Yawwa, ruwan bayan nan. A fadarmu cewa ake sayar da shi kuke yi.

Yaya: Wa zai saya, Auta? Ɗan kaɗan ake ɗiba. Na lafiyayye garau yake kamar ruwan randa, in ƙwayar sanƙarau ta shiga sai ya koma kamar ruwan wankin shinkafa. Mu rina shi, mu duba a mikroskop. Don tabbatar da irin ƙwayar kuma sai a zuba a wata kwalba a aika CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Ba a sa kwalbar a firiji, sanyi kashe ƙwayar yake. Wani direba, bawan Allah, ya taɓa jera mana su cikin ƙanƙara, shi a ganinsa taimako ya yi. Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya gaya masa.

Malam: To wahalar ta mece ce? Sanƙarau ai sanƙarau ne.

Yaya: Nan ne muka yi tuntuɓe. Ƙwayar sanƙarau rukuni-rukuni ce. A 2010 aka fara allurar rigakafi ta MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina, ta rukunin A, kuma A ɗin ya kusa ɓacewa. Sai 2015 rukunin C ya ɓarke, sama da mutum 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu. Mu nan jihar Damagaram, daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559, 18 suka rasu, mafi yawan waɗanda suka kamu daga Dungass, kuma C ne ya fi yawa. Lokacin ne wata uwa ta tare ni ta ce, 'yar nan, ba ku ne kuka ce kun gama da sanƙarau ba? Wallahi Malam na rasa bakin magana.

Malam: Tana da gaskiya.

Yaya: Gaskiya tsantsa. Mun ce rigakafin sanƙarau, muka yi shiru a kan cewa ta iri ɗaya ce, wai kar mu rikita mutane. Matar da ta san gero daban, maiwa daban, dawa daban, ita ce ba za ta gane ƙwaya iri-iri ba? Tun daga ranar nake zuwa rediyo da gidajen suna. Da allurar Men5CV ta zo a 2024 sai na riƙa lissafa musu da yatsu: A, C, W, Y, X. Ina kuma ƙarawa cewa akwai wasu ƙwayoyin masu kawo sanƙarau da ba ta taɓa su.

Auta: Ba kya tsoron su ce to ina amfaninta?

Yaya: Wasu na cewa. Gara su faɗa mini yau mu yi ta musu, da su gano da kansu a gadon asibiti.

Malam: Bari in taɓo inda ke ciwo. Mu masu dangi a Kano ba mu manta da 1996 ba. Lokacin annobar sanƙarau kamfanin magunguna na Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba.

Yaya: Shi ya sa ban taɓa kiran mai ƙin allura jahili ba. Labari ya ji, kuma labarin ya faru. Ni abin da na riƙe: kafin a ɗebi komai don bincike, a zauna da mutum a gaya masa da Hausa ko Barbarci, ya san yana iya cewa a'a, kuma za a yi wa ɗansa magani ko ya ƙi. In sakamako ya fito a koma garin a faɗa. Wannan komawar ita ake yawan tsallakewa, a rubuta rahoto da Faransanci a ajiye a Yamai.

Auta: Kafin Malam ya zuba na uku, me uwa za ta duba?

Yaya: Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sandare. Jariri kuwa wuyan ba lallai ya sandare ba, a duba maɗiga ko ta kumbura, ko ya ƙi nono. A ranar a tafi asibiti, kar a ce sai gobe.

Malam: Auta, yanko wannan wurin ka tura wa 'yan fadarku.

Auta: Har da na ruwan bayan, Malam. Akwai wanda ke bina bashin musu.