Na sa @Transactional, amma kuɗin adashi sun maƙale a hanya

[A allo: layuka biyu a rumbun bayanai, asusun mai zubi da na mai kwasa]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi layukan nan biyu. An cire sefa 25,000 daga asusun mai zubi. Asusun mai kwasa kuwa ko dala ba ta shiga ba. Kuɗin sun tashi daga can, ba su sauka nan ba. Ga lambar manhajar kuma, @Transactional na zaune daram a kan aikin turawa.

Tambayar da ɗalibai masu haɗa aikin ƙarshen shekara daga Marwa, Garwa da Gaundare suke ta aiko mini ke nan, har da wasu daga Injamena. Kowa na rantsuwa ya bi darasi tiryan-tiryan. Na yarda da ku. Darasin ne ya tsallake wuri ɗaya, kuma a wurin za mu zauna yau.

[Zane: cirewa da sakawa cikin da'ira ɗaya]

A gurguje, don sabbin shiga. Tiransakshan alkawari ne: ayyukan da aka ɗaure tare, ko duka su tabbata, wato COMMIT, ko duka a warware su, wato ROLLBACK. Tun sigar 1.2 ta Spring, tsarin da ake gina manhajojin Java a kansa, aka kawo wannan alama ta @Transactional don kada ka riƙa rubuta buɗewa da rufewa da hannunka. Ka liƙa ta, Spring ya yi sauran. Shi ke nan, mu wuce.

[A allo: AdashiService, ayyuka biyu, kwasa() da tura()]

Ga kilas ɗinmu. Kwantirola, wato sashen da ke karɓar buƙata daga waje, yana kiran kwasa(). Ita kwasa() ba ta da alama, tana duba wanda kwasa ta zo kansa ne kawai, sai ta kira tura(). Tura() ce mai alamar: ta cire, ta adana, ta saka, ta adana. A tsakani na dasa kuskure da gangan, na rufe asusun mai kwasa.

To, wa yake buɗe tiransakshan ɗin? Ku tsaya nan. Alamar kanta ba ta buɗe komai, rubutu ne kawai da ke jiran mai karantawa. Sa'ad da manhaja ke tashi, Spring yana ganin alamar, sai ya ƙera wani abu dabam mai kama da kilas ɗinka sak, ya naɗe naka a ciki. Wakili ke nan. Duk wanda ya nemi AdashiService, wakilin ake miƙa masa, ba ainihin abinka ba. Kira ya zo, wakili ya buɗe tiransakshan, ya miƙa wa aikinka, aikin ya gama ko ya faɗi, wakili ya tabbatar ko ya warware.

[Zane: gida mai zaure, maigida zaune a kan tabarma]

Kamar gida ne mai zaure. Baƙo daga waje dole ya yi sallama, maigida ya san da shigarsa, ya san da fitarsa. Amma yaron gida da ya fito daga ɗakin uwarsa ya shiga ɗakin kakarsa, ta tsakar gida ya bi. Maigida yana zaure, bai ma san an yi ba.

[Kibiya ja daga kwasa() zuwa tura(), ba ta taɓa zauren ba]

Kwantirola ya kira kwasa() ta zaure, gaskiya ne. Wakili ya duba, babu alama a kanta, ya bar ta ta wuce haka nan. Yanzu muna tsakar gida. Kwasa() ta kira tura(), kuma a Java wannan kiran this.tura() ne, ko ka rubuta this ko ba ka rubuta ba. This ɗin nan ainihin abinka ne, ba wakili ba. Alamar da ke kan tura() babu wanda ya karanta ta. Ba gargaɗi, ba jan rubutu, manhaja ta tashi lafiya lau. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan a tsarin: shirun.

Wani zai ce, to in babu tiransakshan, yaya aka yi cirewar ta zauna? Madalla da tambaya. In da Spring Data JPA kake aiki wajen magana da rumbun bayanai, save(), mai adanawa, tana da tata alamar a cikin kilas ɗinta, SimpleJpaRepository. In ta tarar da tiransakshan a buɗe, sai ta shiga ciki. In ba ta tarar ba, sai ta buɗe nata ƙarami, ta tabbatar, ta rufe. Save ta farko ta gama aikinta kafin kuskuren ya faɗo. Babu abin da ya rage da za a warware.

[A allo: application.properties]

Kada ku yarda da bakina, ku gani da idonku. Ku ƙara wannan layin:

logging.level.org.springframework.transaction.interceptor=TRACE

Ku sake gwadawa, ku nemi layukan da suka fara da "Getting transaction for". Ga shi nan: SimpleJpaRepository.save. Ina AdashiService.tura? Babu ita. In kana son ƙarin shaida, a cikin tura() ka buga abin da TransactionSynchronizationManager.isActualTransactionActive() ya dawo da shi. False. A cikin kwantirola kuma ka buga getClass() na sabis ɗin, za ka ga sunan da wutsiya mai CGLIB a jiki, wato kayan aikin da Spring ya ƙera wakilin da shi. Wakilin ke nan ka kama da hannu.

[Gadar Binuwai, babura na wucewa]

Nan ba ni da hoton da zan nuna, don haka ku kalli gada, ni kuma in faɗi ra'ayina kan gyara.

Mafi sauƙi, ka ɗauki alamar ka kai ta kan kwasa(), ƙofar da ake shigowa daga waje. In kwasa ɗaya ce tura ɗaya, magana ta ƙare. In kuwa kwasa() tana zagaya 'yan adashi talatin kuma kana son kowace turawa ta tsaya da ƙafarta, to ka fitar da tura() zuwa wani kilas, ka sa Spring ya miƙo maka shi. Yanzu kiran ya zama daga gida zuwa gida. Wannan na fi so, don wanda zai gaji aikinka zai fahimta ba sai an yi masa bayani ba. Akwai kuma TransactionTemplate, inda kai da kanka kake nuna farkon ɗaurin da ƙarshensa, kuma ba abin kunya ba ne.

Sai dabarar sa kilas ya karɓi kansa da kansa ta @Lazy, ya riƙa kiran self.tura(). Tana aiki, ban musa ba. Amma wata shida nan gaba wani mai son tsafta zai ga self, ya ce meye wannan, ya goge, ku koma gidan jiya. AspectJ kuwa, wani kayan aiki na dabam, yana saƙa tiransakshan cikin kilas ɗin kansa, matsalar ta kau gaba ɗaya, sai dai don manhajar adashin 'yan kasuwa wahalar saita shi ta fi ribarsa.

[Komawa allo, hotuna na saurin sauyawa]

In layin tura ya fito a log amma kuɗin ba su dawo ba, ciwonka wani ne dabam. Mu bi su da gudu.

Spring, in ba ka ce komai ba, yana warwarewa ne kan RuntimeException da Error kaɗai. Ka jefa IOException ko wani naka da ya gaji Exception kai tsaye, zai tabbatar da rabin aikin hankali kwance. Ka rubuta rollbackFor = Exception.class.

Ka kama kuskuren da try da catch, ka buga shi a log, ka yi shiru? Wakili ya ga aiki ya dawo lafiya, sai COMMIT. Ka sake jefa shi. In kuma kuskuren daga wani sabis mai alama ya fito ka haɗiye, za ka ci karo da UnexpectedRollbackException, don na ciki ya riga ya shafa wa tiransakshan ɗin alamar warwarewa.

Aiki mai private ko final, wakilin CGLIB ba ya iya hawa kansa. Kafin Spring 6, wanda ya fito a 2022, public kaɗai ake kulawa. Abin da ka ƙera da new ba shi da wakili sam. Sabon zare, wato aikin da aka tayar ya gudana a gefe guda, ko da @Async ko da hannu, ba ya gadon tiransakshan, don a jikin zaren da ya buɗe shi yake ɗaure.

Masu MySQL, musamman waɗanda suka gaji tsohon rumbu daga wani ofis, ku buga SHOW CREATE TABLE. In kun ga MyISAM, ku daina zargin Spring. Injin nan bai san ROLLBACK ba. Ku mayar da teburin InnoDB.

[Hoton gwaji, koren layi]

Saura gwaji, kuma nan ma ana zamewa. Da yawa kuna liƙa @Transactional a kan kilas ɗin gwajin don rumbu ya tsabtace kansa bayan an gama. To wannan alamar tana buɗe tiransakshan tun kafin a kira kwasa(), kowace save ta faɗa ciki, a ƙarshe a warware duka. Yanayin da ya ɓatar da sefa 25,000 ɗin ba zai taɓa faruwa a gwajin ba. Don wannan gwajin kaɗai, ku cire alamar. Ku kira kwasa() ta sabis ɗin da Spring ya ba ku, ku bar kuskuren ya faɗo, sannan ku sake karanto asusun mai zubi daga rumbu. Ku yi shi da tsohuwar lambar tukuna, ku ga ja. Sannan ku fitar da tura(), ku sake.

[A allo: asusun mai zubi, kuɗin sun dawo cif]