Jawabin maraba ga Mai Martaba Sarki a gidan marayun birai na Drill Ranch, Kalaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Hakimai da 'yan majalisa da suka rufa wa Mai Martaba baya, dattawanmu na unguwar Bogobiri, masu masaukinmu mutanen Kuros Riba, ma'aikatan wannan gida, barkanmu da wannan rana. Ranka ya daɗe sannu da hanya, tafiya daga Arewa zuwa Kalaba ba wasa ba ce, kuma a ce cikin duk wuraren da ake kai manyan baƙi a garin nan Sarki ya ce sai ya zo ya ga marayun dabbobi, wallahi wannan ya faranta mana rai ƙwarai, mu Hausawa mazauna nan da aka ɗora mini nauyin magana a madadinsu.

Wannan gida wata ƙungiya ce mai suna Pandrillus ta kafa shi a 1991, wasu Amurkawa biyu Liza Gadsby da Peter Jenkins su ne suka fara aikin, sabida wani biri da ake kira diril. Shi diril ɗin nan Sarki zai gan shi yanzu, fuskarsa baƙa ƙirin kamar an goge ta da mai, jela 'yar guntuwa, namijin ya ninka macen girma, kuma duk faɗin duniya babu inda yake rayuwa a daji sai wuri uku, nan jihar Kuros Riba, sai kudu maso yammacin Kamaru, sai tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini. In ya ƙare a wuraren nan to shikenan ya ƙare a duniya. Bayan diril ana karɓar cimfanzi ma, wato babban birin nan marar jela mai kama da mutum. Nan Kalaba shine wurin karɓa da killacewa da jinya, babban wurin kuwa yana can gindin dutsen Afi a ƙaramar hukumar Boki, inda aka zagaye dajin gaske da wayar lantarki mai aiki da sola, dabbobin suna yawo garke-garke a kan bishiyoyinsu, kuma abincinsu wajen manoman ƙauyukan da ke kewaye ake saye, kenan talakan wurin shi ma yana samun na cefane.

To amma ranka ya daɗe, abin da nake so Sarki ya riƙe tun kafin mu fara zagayawa shine yadda ake zama maraya a nan. Ɗan biri ba ya sakin uwarsa, a ƙirjinta yake maƙale dare da rana, ita ma ba ta sakinsa sai in ba rai. Duk ɗan birin da aka gani an ɗaure da igiya a tasha ko a kasuwa ko a gidan wani mai kuɗi, to a tabbata uwarsa ta riga ta shiga tukunya. Maharbi ya harbe ta don nama, ya ɓamɓare ɗan daga gawarta ya sayar. Haka suke zuwa, wani da ƙwayar harsashi a jikinsa, wani igiya ta ci masa ƙugu har ta shige cikin nama, ga tsutsar ciki ga gudawa, wani kuma ba ciwon komai a jiki amma ya ƙi ci ya ƙi sha, ya rungume kansa yana ta jijjiga a lungu.

Daga nan aikin yake farawa, kuma raino ne sosai irin na ɗan mutum. Sai an killace shi kamar wata uku likita yana gwada shi, musamman tarin fuka, don kar ya shigar wa sauran da cuta. Madarar jarirai ake dama masa a fida, a tashi cikin dare a ba shi, mai kula da shi ya goya shi ko ya rungume shi yana aiki sabida ɗumin jiki shine abin da ya rasa. Cimfanzi a daji sai ya shekara huɗu ko biyar yana shan nono, kuma yana iya haura shekara 40 a duniya, kenan wanda ya karɓi jaririnsa yau ya ɗauko nauyin da zai iya bin sa har tsufansa. Mafi wuya ma ba madarar ba ce, a'a, koya masa zama biri ne, don wanda ya tashi a hannun mutane bai san gaisuwar 'yan uwansa ba, bai san wa ake rusuna wa a garke ba, sai an haɗa shi da su sannu a hankali ta bayan waya har wata uwa ta yarda ta ja shi jikinta. Su diril an ci nasara sosai a kansu, marayun farko sun hayayyafa, yanzu ɗaruruwa ne har da jikoki.

Akwai ƙa'ida ɗaya ta gidan nan da mutane ba sa ganewa da farko, ba a sayen dabba ko da naira ɗaya. Ko dai hukuma ta ƙwato ta kawo ko mai ita ya miƙa da kansa. Mutum zai ga ɗan biri a wahale tausayi ya kama shi ya ciro kuɗi ya saya wai ya cece shi, alhali kuɗin nan da ya bayar su ne kuɗin harsashin da za a harbi wata uwar gobe. Idan ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Kuma Allah ya taimaki Sarki, maganar nan ta shafe mu, kar mu ce ta mutanen kurmi ce kawai. A 2003 an mayar da gorila biyu da aka ƙwato a Kano zuwa cibiyar kula da namun daji ta Limbe a Kamaru, wadda ita ma Pandrillus na da hannu a kafa ta. A Disambar 2024 an kama jaririn gorila cikin akwati a filin jirgin Istanbul, daga Najeriya aka ɗauko shi za a kai shi Tailan. Ga masu wasa da biri da kura da muka tashi muna bin su a kasuwa muna shewa, ba wanda ya taɓa tambaya ina uwar wannan dabbar. Doka kuwa tana nan tun 1985 ta hana kamawa da cinikin irin waɗannan dabbobi, an ma gyara ta a 2016 aka ƙara tara, sai dai doka a takarda ba ta kai kunnen mutumin ƙauye yadda maganar Sarki take kaiwa. Addininmu ma ai ya riga doka, malamai sun karantar da mu cewa sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta zo tana ta kaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wa ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su.

Don haka roƙonmu ba na kuɗi ba ne, kodayake in an samu madara da magani ba za a ƙi ba. Muna roƙon in Sarki ya koma gida lafiya ya sa baki, hakimai su gaya wa dagatai da masu unguwanni, a kira sarkin baka da maharba da shugabannin tasha a ja musu kunne, limamai su taɓa batun a huɗuba, duk wanda ya ga ana tallar ɗan dabbar daji kar ya saya, ya sanar da ma'aikatan gandun daji.

Yanzu za mu zagaya, amma dan Allah 'yan rakiya a yi mana haƙuri da 'yan sharuɗɗa. Mai mura ko tari ya tsaya daga baya don murarmu tana kama cimfanzi har ta kwantar da shi, kar a miƙa musu abinci, kar a zura hannu ta waya wai za a ɗauki hoto. Masu kakaki da algaita kuma mun san aikinku ne, amma a ɗan saurara sai mun fito, akwai jarirai a ciki. Allah ya ja zamanin Sarki, bismillah, ta nan za mu fara.