Kafin ka sayi DAC, ka san abin da kunnenka ke nema

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan ɗan akwatin da ke gabana a kan tebur, wanda bai fi tafin hannu ba, shi ake kira DAC. Kwanan nan tambaya ɗaya ake ta turo min, daga Samaru, daga Tudun Wada, har daga cikin Birnin Zariya: in na saye shi, sautin falona zai gyaru? Amsar tana ga abin da ke damun sautin naka tun farko.

Duk abin da ke cikin wayarka, karatun Alƙur'ani ne, wa'azi ne ko waƙa, lambobi ne zalla. Lasifika kuwa ba ta san lamba ba. Wuta mai hawa da sauka take ji, ita ke tura fatarta gaba da baya kamar fatar ganga. DAC tafinta ne a tsakaninsu, ya karɓi lamba ya miƙa wa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, wuta mai kaɗawa. Kuma kana da shi tuni, a wayarka, a talabijin, a kwamfuta, har a cikin MP ɗin da yara ke yawo da ita a unguwa. Lokacin da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, ɗan guntun kebul ɗin da ya sako a kwali, DAC ne a ɓoye a kansa.

Saboda haka sai na ciki ya gaza ake neman na waje. Yakan gaza ta hanya uku: ko yana shigo da ƙara, ko muryarsa ba ta da ƙarfin ciyar da amfilifaya, ko kuma talabijin ɗinka ba shi da ramin da tsohuwar amfilifayarka za ta shiga. In babu ko ɗaya a cikin ukun nan, kuɗinka zai fi amfani a lasifika, ko ma a kafet da labule, don falon tayil mai bango tsirara amsa-kuwwa yake yi, kuma babu akwatin da ke maganin wannan.

Mu duba jikin kwali. Za ka ga an rubuta 32 bit, 384 kHz, wato auna sauti sau 384,000 a daƙiƙa, wani ma 768. Kada yawan lambar ya ruɗe ka. Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, a kan bit 16, kuma da dalili. Iyakar kunnen ɗan Adam kaɗawa 20,000 ce a daƙiƙa, shi ma ga yaro, domin abin raguwa yake yi da shekaru. Ƙa'idar kuwa ita ce a auna fiye da ninki biyu na sauti mafi siriri da ake son kamawa. Bit 16 kuma yana ba da tazarar kusan desibel 96, a ma'aunin ƙarfin sauti, tsakanin raɗa da tsawa. A falon da fanka ke juyawa, janaretan maƙwabci na ruri, babura na wucewa, wa zai cinye wannan tazarar? Haka sunan kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin, ESS ce, AKM ce ta Japan, ko Cirrus Logic, dukkansu suna da nagartattu. Bambancin ya fi fitowa daga yadda aka tace wutar da ke ciyar da ita da yadda aka gina mafitar sautin.

Akwai kuma abin da DAC ba zai taɓa yi ba. Waƙar da aka tura maka a memori a kasuwa, sau da yawa MP3 ce mai kilobit 128 a daƙiƙa, CD kuwa 1,411. An riga an zubar da mafi yawan bayanan tun wajen matsewa, ruwan da ya zube kuma ba ya kwasuwa.

Juya akwatin ka dubi bayansa, don a nan zaɓen yake. USB na kwamfuta da waya ne. Ramin nan mai ɗan murfi, wanda jan haske ke fita ta bakin kebul ɗinsa, shi ne na haske, wanda Toshiba ya ƙirƙiro, kuma yawancin talabijin na zamani suna da shi. Ina son sa ƙwarai, domin haske ne ke ɗauke da saƙon, babu ƙarfen da ya haɗa na'urorin biyu, don haka dattin wutar talabijin ba shi da gadar da zai bi ya tsallako. Sai dai ka shiga saitin talabijin ka mai da sautin PCM, wato lambobin sauti zalla da ba a matse ba. In ka bar shi a Dolby, tsarin sauti irin na sinima, ko dai ka ji shiru ko ka ji ƙara mai huda kunne, har ka zaci kayan ne ya lalace.

Sai maganar wuta, wadda a garinmu ita ce babba. Yau an kawo, anjima janareta, da dare inbata. Wutarmu bolt 230 ce mai kaɗawa 50 a daƙiƙa, kuma gurnanin nan mai kauri da kake ji a lasifika, muryarta ce ta kutso. In na gwanjo za ka saya, karanta bayansa da kyau, don wanda aka yi wa Amurka, in na bolt 120 ne kaɗai, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone shi. Ni na fi karkata ga ƙananan da ke cin bolt 5 ta USB, irin waɗanda Topping da SMSL da FiiO ke yi da yawa, saboda ko da fawa bank za ka tashe su. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana walƙiya, zare komai daga bango.

To, yanzu saurare. Kada ka yanke hukunci a shago. A PZ ko kasuwar Sabon Gari hayaniya ba za ta bar ka ka ji komai ba, don haka ku yi yarjejeniya da mai kaya cewa za ka kai gida ka gwada, in bai yi ba ka dawo da shi.

Tarkon farko ƙarfin murya ne. Kunne yakan ɗauki wanda ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi kyau, ya ji kamar ya fi faɗi, ya fi tsabta, alhali murya ce kawai ta ƙaru. Ramin RCA, mai ja da fari a bayan akwatin, yakan fitar da kusan bolt 2, XLR mai ƙafa uku kusan bolt 4, ramin iyafis na waya kuwa sau da yawa bai kai ɗaya ba. Ka ga ke nan sabon akwati zai yi nasara tun kafin a fara. Ari mitar auna wuta wajen mai gyaran rediyo, ka sa sautin gwaji mai kaɗawa 400 da murya ƙasa-ƙasa, ka auna a bakin wayoyin lasifika. Daidaita har na'urorin biyu su nuna lamba ɗaya, ka yi wa makunnin murya alama da biro.

Fara da sauraren shiru. Tsayar da waƙa, ƙara murya, kai kunnenka kusa da lasifika. Motsa linzamin kwamfuta, jona caja, zare ta, ka ji ko wata ƙara za ta shigo. Daga nan sa abin da ka sani kamar yunwar cikinka. Ni karatun Alƙur'ani nake farawa da shi, in bi harafin sin da sad da shin, in ji ko suna fita sumul ko suna kartar kunne, in kuma ji numfashin makaranci tsakanin aya da aya. Sai kalangu, yadda muryarsa ke lanƙwasa in makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, sai goge in ya hau sama. Daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa, a yi ta maimaita wuri ɗaya, don kunne ba ya riƙe ɗanɗanon sauti na dogon lokaci.

Sannan ka kira ƙaninka ya tsaya a bayan kayan, kai kuma ka juya baya. Ya jefa kwabo ya zaɓi wanda zai jona, ya rubuta a takarda, kai ka faɗi wanda kake ji. Ku yi sau 10. In ka dace sau 5 ko 6, sa'a ce kawai, ko kurma zai iya. In ka dace sau 9 ko 10, lallai akwai bambanci, sai ka auna ko ya kai kuɗinsa.

Na yi wannan gwajin da akwatin nan da na cikin kwamfutata. Da dare a kan batir, sau 6 na dace. Washegari na maimaita da caja a jone, janareta na aiki, sai ga ramin iyafis na kwamfutar yana gurnani da tsaki tun kafin a sa komai. Da na bi ta wannan akwatin da kebul ɗin haske daga talabijin, na ƙure murya na kai kunnena jikin lasifika, tsit kake ji. Saboda wannan shirun na biya mai shago kuɗinsa.