Wa zai iya zama da ƙaramin talibambam a tanki ɗaya?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Yau na ajiye kyamara a gaban tankin gilashin da ke kusurwar ɗakina, domin tun da na nuna muku waɗannan ƙananan kifaye, tambayar da aka fi yi mini ita ce wane irin kifi za a iya haɗa su da shi. Bari in matso ku ga wannan da ya tsaya cak a tsakanin ganyaye. Ku lura da idanunsa, kowanne yana juyawa da kansa, ɗaya yana kallona, ɗayan yana bin wani ɗan dodon koɗi da ke hawa jikin gilashi.

Wannan shi ne ƙaramin talibambam na Indiya, wanda masana ke kira Carinotetraodon travancoricus. Asalinsa kogunan jihar Kerala ne da kudancin Karnataka, a kudu maso yammacin ƙasar, kuma masana biyu, Hora da Nair, su ne suka fara bayyana shi a rubuce a 1941 daga kogin Pamba. Yawanci tsawonsa ba ya wuce santimita biyu da rabi, kuma ba ya buƙatar gishiri a ruwansa ko kaɗan, saɓanin wasu danginsa da ke zama inda kogi ya haɗu da teku. Ƙanƙantarsa ce ke yaudarar mutane, su ɗauka mai sanyin hali ne. Alhali mafarauci ne, haƙoransa huɗu sun haɗe kamar bakin aku, da su yake yagar naman dodon koɗi da tsutsotsi da ƙananan halittun ruwa, kuma duk abin da ya ga yana lilo a gabansa sai ya gwada cizonsa.

Wannan na gane shi ne ta hanyar da har yau take damuna. A farkon kiwona na saka gupi guda uku, masu doguwar jela mai launi, tare da talibambam ɗaya, saboda na ga sun fi shi girma. Kwana biyu ban ga wani abin damuwa ba. Ranar ta uku da safe na tarar da jelar ɗayansu ta zama kamar tsumman da aka yayyaga, ya laɓe bayan na'urar tace ruwa, ko abinci ya ƙi fitowa ya ci. Na cire su a ranar, biyu suka warke, na ukun kuwa raunin ya ruɓe ya mutu. Talibambam ɗin bai yi laifi ba, halinsa ya bi, ni ne na haɗa waɗanda bai kamata a haɗa ba. Saboda haka duk kifi mai dogon fiffike da tafiyar hawainiya, kamar gupi da beta da gurami, ku nisanta shi da wannan tanki. Manyan kifaye kuma su ne za su razana shi ko su haɗiye shi.

Abokin zaman da ya fi dacewa da shi, a ganina, ɗan'uwansa ne. A kogunan Kerala a garke ake samun su, kuma idan suna da yawa faɗan yakan rarrabu, ba ya taruwa a kan guda ɗaya. A wannan tanki mai lita 75 ina da shida, maza biyu da mata huɗu. Namijin da ya balaga ana gane shi da baƙin layi a tsakiyar cikinsa da wasu 'yan zane-zane masu ƙyalli a bayan ido, mace kuwa ta fi shi kewayen jiki da ɗige-ɗige. Idan maza suka rinjayi mata a ƙaramin wuri, kora ba ta ƙarewa. Abin da ya fi yawan lita muhimmanci shi ne kada su riƙa ganin juna daga wannan bango zuwa wancan, shi ya sa kuke ganin na cika tankin da gansakukar Java da tsiron anubiyas da guntayen itace, ta yadda wanda aka kora zai sha kwana ya ɓace wa mai korarsa.

Ga wanda ya nace sai ya ƙara wani jinsi, akwai uku da na ga sun fi samun zaman lafiya da shi, kodayake babu wanda zan ba ku tabbaci a kansa, domin kowane talibambam da irin zafin ransa. Na farko shi ne otosinkulus, ɗan ƙaramin kifin Kudancin Amurka mai cin gansakuka. Jikinsa na da sulke, fiffikensa gajere ne, yini yake yi manne da gilashi ko ganye, kuma abincinsa daban ne, don haka babu abin da zai haɗa su rigima. Sai dai shi ma a garke yake son zama, kuma ba a saka shi a sabon tanki da gansakuka ba ta riga ta fito ba, in ba haka ba yunwa za ta kashe shi a hankali. Na biyu shi ne kuhli, dogon kifi mai kama da ɗan maciji daga kudu maso gabashin Asiya, wanda ke ɓuya cikin yashi mai laushi da rana, ya fito da dare lokacin da talibambam ya yi barci, ya tsince ragowar abinci. Na uku kuma jatan landen Amano ne, wanda ya samo sunansa daga Takashi Amano, Bajapanen da ya yi fice wajen ƙawata tankuna da tsirrai. Babbansa yakan kai santimita biyar, ya ninka talibambam, shi ya sa sau da yawa ake ƙyale shi. Jajayen ƙananan jatan lande kuwa, musamman 'ya'yansu, abinci ne kawai a wurinsa.

Haka ma dodon koɗi. Ƙanana ina kiwon su a wata roba daban domin ciyarwa, manyan na ado kuma ba na saka su, saboda ba zai iya cinye su ba, sai dai ya yi ta gutsurar ƙahonninsu har su galabaita.

Akwai wata matsala da ba a cika ambata ba game da ƙananan kifaye masu sauri irin su daniyo. Gaskiya ne ba zai iya kama su ya cije su ba, amma ku dubi yadda yake cin abinci. Ga jar tsutsa na saki da hantsaki. Ya matso, ya tsaya, ya lanƙwasa jelarsa, ya kewaya ta yana dubawa, sai yanzu ya fizge ta. Kafin ya gama wannan nazari kifi mai sauri ya riga ya wawure, kuma tunda yawancin talibambam ba sa karɓar busasshen abincin gwangwani, cikin 'yan makonni za ku ga cikinsa ya lotsa. Sannan dole ne abokin zama ya jure ɗumin da yake so, tsakanin digiri 24 zuwa 28. A ƙasar da nake zaune hunturu yana da tsanani, na'urar ɗumama ruwa ba ta hutawa, kuma wannan ɗumin kaɗai ya fitar da kifayen ruwan sanyi daga lissafi. Kowane ƙarin baki kuma ƙarin ƙazanta ne, talibambam kuwa ba shi da ɓawo a jiki irin na sauran kifaye, amoniya, wato gubar da ƙazantar kifi ke haifarwa, ko kaɗan ce tana cutar da shi, don haka nake canza kusan rabin ruwan duk mako.

Wancan ƙaramin tankin da kuke hangowa a ƙasa, otosinkulus shida ne a ciki, yau kwanansu goma sha takwas a keɓe ina duba lafiyarsu. Idan sun cika wata guda zan mayar da su babban tankin a ranar da ba ni da aiki, bayan na ciyar da talibambam sun ƙoshi, na kuma ɗan sauya wuraren itatuwan domin iyakokin da kowa ya shata su rikice. Ƙaramin tankin zai ci gaba da aiki da ruwansa da matatarsa, komar kama kifi kuma tana rataye a gefe, saboda idan na ga an tsare ɗaya a lungu ko na ga yagewa a fiffike, a ranar zan mayar da su inda suka fito.