Madurai: garin da mace ke mulki, mijin yana zuwa ɗakinta da dare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan abin da kuke gani a bayana, mai kama da tsauni da aka watsa wa fenti kala-kala, hasumiyar ƙofa ce. Mutanen nan gopuram suke ce mata. Ina Madurai, jihar Tamil Nadu, can kudancin Indiya. Jiya na taso daga Chennai a jirgin ƙasa, kusan awa takwas muna tafe. Abokin karatuna ɗan garin nan ne, shi ya dame ni sai na zo na ga ɗakin bautar Minakshi.

Kafin wani ya ce "Malam, me ya kai ka gidan gumaka?", kallo na zo da jin labari. Na yi asubata kafin na fito.

Sai dai ku yi haƙuri, cikin ba za ku gan shi ba. Tun gobarar da ta tashi a watan Fabrairun 2018 ta ɓangaren ƙofar gabas, wajen shaguna, kotu ta hana shiga da waya. Na ajiye waya da takalmi a bakin ƙofa, na shiga da ido da kunne kawai. Kuma wallahi daɓen dutsen nan da rana, tafin ƙafata ya gaya min.

Hasumiyoyin 14 ne. Wannan ta kudu ita ce babba, wajen mita 52. Bari na matso da kyamara. Kun ga ba wurin da za ka ɗora yatsa babu siffa: masu hannu takwas, masu kan giwa, dodanni, dawakai. Bisa al'adarsu duk shekara 12 ake gyara su a sake fenti.

To wace ce Minakshi? Sunan yana nufin mai idon kifi, kuma a nan yabo ne. Abokina ya ce kifi ba ya rufe ido, ita ma wai ba ta runtsawa a kan mutanenta. Tutar sarakunan Pandya da suka mulki garin ma kifi ne a jiki.

Ga labarin yadda suke ba da shi. Sarki Malayadhwaja da matarsa Kanchanamala ba su samu haihuwa ba. Suka hura wutar hadaya suna roƙon magaji, ɗa namiji. Sai ga yarinya 'yar shekara uku ta fito daga cikin wutar, da nono uku a ƙirji. Hankalin sarki ya tashi. Aka ji murya ta ce ya raine ta kamar namiji, ranar da ta ga mijinta, nono na ukun zai ɓace. Ta taso da takobi da hawan doki, ta gaji ubanta, ta ja runduna tana cin garuruwa har dutsen Kailash, mazaunin Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar 'yan Hindu. Ina jin nan na ce wa abokina mu ma muna da Amina ta Zazzau, sai dai tamu ba ta tsaya aure ba. Ita kuwa Minakshi tana haɗa ido da Shiva a fagen daga, nonon ya ɓace, jarumar ta sunkuyar da kai don kunya.

Abin da ya fi ɗaukar min hankali, ba a kai amarya gidan miji ba. Angon ne ya tattaro ya tare a garinta, ya zauna da sunan Sundareswarar, wato kyakkyawan ubangiji a wajensu. Har yau masu ziyara ɓangarenta suke fara shiga, sannan nasa. Gunkinta na koren dutse ne, da tsuntsu aku a hannu. Ni ban gan shi ba, don akwai allo da ya ce wanda ba Hindu ba ya tsaya daga nan. Na tsaya. Gidansu ne.

Bikin auren nan kuwa, kamar a unguwarmu aka yi shi. Dangin amarya suka dafa shinkafa tuli suna taƙama ba mai iya cinye ta. Ango ya turo wani wada cikin yaransa, Gundodara, ya share tukwanen tas, ya hau kukan ƙishirwa. Shiva ya ce masa "vai kai", wato ajiye hannunka, ruwa ya ɓulɓulo. Wai asalin kogin Vaigai ke nan. Na tsallaka shi da safe, yashi ya fi ruwan yawa, da alama wadan bai rage komai ba.

Sannan ga yayan amarya, Vishnu, shi ma babban abin bautarsu ne, wanda a nan ake kira Alagar. Ya taso daga wurinsa, kimanin kilomita 20 daga gari, ya yi ta tsaye-tsaye a hanya, yana isowa bakin kogi aka ce masa an riga an ɗaura. Waliyyi guda ya makara! Ya yi fushi ya ƙi shiga gari. Duk shekara tsakanin Afrilu da Mayu, a bikin Chithirai, sai an maimaita wannan: a ɗaura auren a ciki, a ɗauko gunkin Alagar bisa dokin zinariya a shiga da shi kogi, jama'a kamar ƙasa. Da can bukukuwa biyu ne na ɓangarori biyu, masu bin Shiva da masu bin Vishnu. Sarki Thirumalai Nayak, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1659, shi ya haɗe su. Siyasa ce mai kyau, ka mayar da abokan gaba surukai.

A ciki akwai tafki mai matakala, tafkin furen zinariya. An ce mawaƙan da can sukan ɗora rubutunsu a kan wani allo a ruwan, mai kyau ya tsaya, mara kyau ya nutse. Na ce Allah Ya so ni ba haka ake duba jarrabawarmu ba. Akwai kuma zauren ginshiƙi dubu, wanda a ƙirge 985 ne.

Yawancin ginin da ke tsaye yau na ƙarni na 16 da 17 ne. A 1311 rundunar Malik Kafur, kwamandan sarkin Delhi, ta auka wa garin ta kwashe dukiyar wurin. Na san wannan ba ya mana daɗin ji, amma haka ya faru. Bayan nan har sarakunan Musulmi aka yi a Madurai na wasu shekaru, kuma matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a garin a shekarun 1340. Shi dai wannan Ibn Battutan da daga baya ya zo Takedda, a Nijar ta yau, ya ambaci Gobir.

Da dare, wajen ƙarfe tara, za a ɗauko gunkin mijin a cikin wani ɗan akwati mai labule, a kafaɗa, da algaita da ganga da hayaƙin turare, a kai shi ɗakin matar ya kwana, da asuba a mayar da shi. Kullum. Shi ya sa Tamilawa idan suna tsokanar magidanci sukan ce: "Gidanka Madurai ne ko Chidambaram?" A Chidambaram, wani gari na jihar, mijin ne babba a ɗakin bautarsu. Na ce wa abokina mu "mijin tace" muke cewa. Na tambaye shi nasu gidan fa, ya ce babansa yana faɗin Chidambaram, amma sai ya waiga tukuna.

Yanzu azahar ta kusa. Akwai tsohon masallacin Kazimar ba nisa da nan, can za mu nufa. Wannan kofin da ke hannuna jigarthanda ne, madara mai sanyi da ƙaro da zaƙi, abin shan garin. Bari na kurɓa kafin ya narke, mai keken nan ma yana ta danna min oda.