Ƙudan 'ya'yan itace: abincin tsutsa da yawan ƙwan da mace ke zubawa

(Daga faifan laccar da aka gabatar wa masu lambu da dillalai a Zuba, Abuja)

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Duk wanda ya taɓa sauke lodin mangwaron Binuwai a kasuwar nan ya san ɗan baƙin tabon da ke jikin ɓawo, wanda in aka yanka sai a tarar da tsutsa. Galibi aikin ƙudan da masana ke kira Bactrocera dorsalis ne, ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a Kenya a shekarar 2003.

Macen tana huda ɓawo ta zuba ƙwai, su ƙyanƙyashe cikin kwana 1 ko 2, tsutsa ta yi mako guda ko fiye tana ci, sannan ta faɗo ta shige ƙasa, bayan kimanin kwana 10 ta fito a matsayin ƙuda. Abin da nake roƙon ku riƙe shi ne, ƙuda ba ya ƙara girma bayan fitowarsa, don haka abin da ya ci yana tsutsa shi ke ƙayyade girman jikinsa. Tsutsar da ta tashi cikin nunanniyar gwaiba ko nunannen mangwaro, inda nama ke da laushi da zaƙi, takan zama ƙosasshiyar mace wadda, in ta samu abinci, za ta iya zuba ƙwai fiye da 1,000 a rayuwarta. A lemu kuwa, musamman lemun tsami, man da ke cikin ɓawo yana kashe ƙwai da ƙananan tsutsotsi da yawa, haka ma ruwan da ɗanyen mangwaro ke tsattsafarwa in an huda shi.

Shi ya sa bishiyar gwaibar da aka bari a gefen lambu ba tare da kulawa ba take damuna ƙwarai, domin ita ke ciyar da ƙudan bayan mangwaro ya ƙare, kamar yadda yazawa da kaɗanyar daji ke yi a nasu lokacin. Mangwaro irin Kent da Keitt, masu nuna a makare, bayan ruwa ya sauka kuma ƙudan ya yawaita, su suka fi shan wahala.

Tarkon methyl eugenol, wato sinadarin da ƙamshinsa ke jawo ƙudan, maza kaɗai yake kamawa, saboda haka bai wadatar ba. Ku riƙa tsince duk abin da ya faɗo, na gwaiba kafin na kowa, ku ɗaure a baƙar leda ku bar shi a rana, ko ku binne da zurfi. Dillalai, ruɓaɓɓen kayan da ake jibgewa a bakin rumfa ma haka ya kamata a yi da shi.