Northrop Grumman da Ruwan Bethpage: Wa Zai Biya?

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku za mu taɓa a kan Northrop Grumman, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke ƙera wa sojojin Amurka kayan yaƙi: haya, shari'a, sai muhalli.

Haya ba za ta ci mana lokaci ba. Ba duk gine-ginen da kamfanin ke aiki a ciki ne nasa ba, wasu hayarsu ya kama na shekaru, kuma tun 2019 ƙa'idar akanta a Amurka ta ce a rubuta irin wannan haya cikin bashin da ke kansa. Shi ke nan.

Mu tafi Bethpage, a Long Island, jihar New York. A nan Grumman, kamfanin da Northrop ya saya daga baya, ya ƙera jirgin yaƙin Hellcat a Yaƙin Duniya na Biyu, a nan aka haɗa kumbon da ya sauke mutane a kan wata a 1969. Ana wanke ƙarafa da wani sinadari, TCE, mai jawo ciwon daji, dagwalon yana tsuma cikin ƙasa. Mutanen wurin kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha. Ku riƙe wannan, jama'a, shi suke sha, shi suke ba 'ya'yansu! Yau gurɓataccen ruwan ya malala kusan mil 4.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne filin wasa. A 1962 Grumman ya ba hukumar garin Oyster Bay, wadda Bethpage ke ƙarƙashinta, kyautar fili, aka yi wurin shaƙatawa. Ashe wurin zubar da dagwalo ne. Yara suka shekara da shekaru suna buga ƙwallo a kai, sai a 2002 aka rufe filin ƙwallon. A 2024 masu haƙa suka ci karo da durom-durom na sinadarai, an binne su cikin kankare. Cikin kankare fa!

Sai maganar shari'a. Northrop ya sayi Grumman a 1994, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Oyster Bay ta maka shi a kotu a 2023. Amma a rahotonsa na shekara, kamfanin da bakinsa yake cewa wani kaso na kuɗin gyaran muhalli yana dawo masa ta cikin kwangilolin gwamnati. Wato mai biyan haraji ne ke ɗauka.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya: in filin na gwamnati ne, kamfani aiki kawai yake yi a kai, wa za a kama? Tambaya mai kyau, don a wancan lokacin wani ɓangare na masana'antar Bethpage mallakar Rundunar Sojin Ruwa ne, Grumman ke gudanarwa. Dokar Superfund ta 1980, wato dokar tsaftace gurɓatattun wurare, ta kama mai fili, ta kama mai aiki a kai. Shi ya sa a 2020 jihar New York ta sa su biyun suka raba aikin zuƙo ruwan da tace shi, aikin da zai ɗauki shekaru gommai.